Tarar Ajiye Mota Inda Alamar Hani Ba Ta Bayyana Ba

Ranar Lahadi, 2 ga watan Afrilu na shekarar 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. Kafin ranar ta zo, Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana shela a gidajen rediyo da jaridu da tashoshin mota, aka kuma juya allunan hanya suka fuskanci sabon hannu. An yi haka ne saboda wata ƙa'ida da dokar hanya ta ginu a kanta, watau hukuma ta sanar tukuna, sa'an nan ta kama wanda ya saɓa. Ƙa'idar nan tana aiki har a ƙaramin al'amari irin na ajiye mota a gefen titi. Idan an hana ajiye mota a wani wuri, wajibi ne hanin ya fito fili yadda direba mai lura zai gan shi. Idan kuwa allon ya goge, ko ya faɗi, ko rumfa ta rufe shi, to wanda aka ba takardar tara yana da ikon ya ƙi amincewa da ita, kuma doka ta tanadar masa hanyar da zai bi.

Jama'a da yawa ba su san wannan hanya ba. Abin da aka fi gani a bakin titi shi ne ɗayan biyu: ko direba ya hau cacar baki da jami'i har ya jawo wa kansa sabon laifi, ko kuwa ya sa hannu a aljihu a kashe magana a ɓoye. Duka biyun asara ce, ga shi kansa da kuma direban da zai tsaya a wurin gobe, domin allon da ya jawo rigimar yana nan yadda yake.

Titin wa, takardar wa?

Garin Azare a Jihar Bauchi misali ne mai kyau na wurin da irin wannan rikici kan taso. Babbar hanyar Tarayya da ta taso daga Kano ta biyo ta Wudil da Jama'are ita ce ta bi ta Azare ta nufi Potiskum da Damaturu da Maiduguri. Tirela da tanka da motocin haya ba su yankewa a kanta dare da rana. Ga kasuwa, ga babban asibitin Gwamnatin Tarayya, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Mutumin da ya ɗauko marar lafiya daga Gamawa ko Itas, ko wanda ya kawo buhunan gero daga ƙauye, baƙo ne a titunan garin. Bai san inda aka saba tsayawa da inda aka hana ba, abin dogaronsa kawai shi ne allon da ke gabansa.

Akwai wani abu game da sunayen wuraren nan da yakan rikita baƙo, har ya kai kokensa ofishin da ba shi ne ba. Malam Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, fadarsa kuwa tana garin Katagum. A 1916 aka dawo da fadar Sarkin Katagum zuwa Azare. Saboda haka Azare ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, shi kuwa tsohon garin Katagum hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ne. Wanda ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ba takarda a cikin Azare, ƙorafinsa na Ƙaramar Hukumar Katagum ne. Wanda aka ba a garin Katagum, nasa na Zaki ne. Kuskure a nan yakan cinye wa mutum kwanaki da kuɗin mota a banza.

Ba hukuma ɗaya ke kula da titi ba. Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta ɗora kula da hanyoyin Tarayya a wuyan Ministan Ayyuka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, an kafa ta a watan Fabrairu na 1988, dokar da aka sake yi mata kuwa ta 2007 ce. Jihar Bauchi tana da tata hukumar kula da zirga-zirga mai suna BAROTA, tana kuma da jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO. Ga 'yan sanda. Ƙananan hukumomi su ma Tsarin Mulki na 1999 ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota da titunan cikin gari, kuma dokar haraji mai lamba 21 ta 1998 ta sanya kuɗin ajiye mota ba daidai ba cikin jerin abubuwan da aka ware musu. Ita wannan doka ta 1998 ta kuma haramta wa kowa datse hanya domin karɓar haraji.

Abin da wannan ke nufi ga mai mota shi ne tambayarsa ta farko ta zama: wace hukuma ce ta ba da takardar, kuma a kan titin wa? Kotuna sun ɗauki tambayar da muhimmanci. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Asaba ta yanke hukunci cewa ikon FRSC ya tsaya ne a kan hanyoyin Tarayya. Amma wannan muhawara ce ta gaban alƙali. Direba kada ya tsaya a rana yana karanta wa jami'i hukuncin kotu. Ya rubuta sunan titin daidai, ya adana, zai yi masa amfani nan gaba.

Alamar da doka ta sani

Littafin Ƙa'idojin Hanya na Nijeriya ya kasa allunan hanya gida uku. Masu kusurwa uku da jan baki gargaɗi suke yi, kamar na kwana ko gada ko makaranta. Masu kusurwa huɗu bayani suke bayarwa, kamar nisan gari ko inda asibiti yake. Masu da'ira su ne na umarni: shuɗi marar jan baki yana faɗin abin da za a yi, mai jan baki kuwa hani ne. Wannan tsari ya yi daidai da yarjejeniyar alamomin hanya da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1968, domin direban da ya fito daga Damagaram ko Njamena ya gane allon Azare ko da ba ya jin Turanci.

Allon hana ajiye mota da'ira ne mai jan baki. Wani yana da shuɗin ciki da jan layi guda da ya ratsa shi a karkace, wani kuma yana ɗauke da harafin P da aka soke da jan layi. Idan jajayen layukan biyu ne suka gicciye juna, to hanin ya fi tsanani, ko tsayawar sauke fasinja ba a yarda ba. Sau da yawa akan ɗaura wani ƙaramin allo a ƙarƙashi mai nuna lokaci, ko nisa, ko kibiya mai nuna ɓangaren da hanin ya shafa. Wannan ƙaramin allo shi ne tushen yawancin rigima. Idan ya ɓace, direba ba shi da hanyar sanin ko hanin ya fara ne daga jikin sandar allon ya yi gaba, ko kuwa a nan ya ƙare, ko na ranar kasuwa ne kawai.

Allo kan lalace ta hanyoyi da dama, kuma kowane mazaunin Arewa ya san su. Rana takan cinye jan fenti har da'irar ta koma fara fat. Ƙurar hunturu takan lulluɓe shi. Reshen darbejiya yakan sauko a kansa da damina. Lokacin zaɓe akan liƙa masa fastar ɗan takara, lokacin biki kuma ta ango da amarya. Mai shayi ko mai sayar da katin waya yakan kafa rumfarsa a gabansa. Babbar mota takan goge shi ya juya baya ga masu zuwa. Wani lokaci ma ɓarayin ƙarfe sukan cire shi ɗungurungum, sai gindin sandar ya rage. A kowane ɗayan waɗannan, hanin yana nan a littafin hukuma, amma bai isa ga idon direba ba.

Akwai kuma allunan da ba na hukuma ba ne. Mai kanti yakan samo katako ya rubuta cewa ba a fakin a nan, ya jingina a bakin kwalta, ko ya jera tsofaffin tayoyi da duwatsu. Roƙo ne wannan, kuma mai mutunci yakan girmama shi, gama toshe wa mutum ƙofar neman abincinsa ba hali ne na kirki ba. Sai dai katakon ba doka ba ne. Mai kanti ba shi da ikon cin tarar kowa, ko sace iskar tayarsa, ko cire masa lamba.

Inda rashin allo ba hujja ba ne

Lalle ne a fahimci wannan sosai, domin direbobi da yawa sun faɗi a kotu a kansa. Hani iri biyu ne. Akwai wanda allo ne ya haife shi, watau wurin da ba don hukuma ta keɓe shi ba, da babu laifin tsayawa. Akwai kuma wanda yake cikin ƙa'idojin tuƙi tun asali, wanda duk mai lasin ake ɗauka ya san shi: ajiye mota a kan gada, ko a tsakiyar kwana, ko a kan tudun da ba a hango mai zuwa, ko a bakin mararraba da shataletale, ko a kan layin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, ko a ƙofar da motar asibiti ke shiga da fita. Haka nan duk tsayawar da ta tare hanya. Wanda ya bar tirela a kan kwalta da dare a hanyar Azare zuwa Potiskum, babu fitila babu alamar gargaɗi, ba zai ce bai ga allo ba. Irin wannan ajiya ta sha cin rayukan bayin Allah, kuma hukunta ta daidai ne.

Saboda haka mai niyyar jayayya ya fara duba abin da aka rubuta masa. In an ce ya saɓa wa alamar hanya, to lafiyar allon ita ce zuciyar shari'ar. In kuwa an ce ya tare hanya, to abin da zai nuna shi ne motarsa ta sauka daga kan kwalta, kuma ta bar wa sauran motoci filin wucewa.

Takarda zargi ce, ba hukunci ba

Takardar da jami'i ke rubutawa sanarwa ce cewa ana tuhumar mutum da laifi kaza. Ba ta mai da shi mai laifi ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi a gaban kotu mai zaman kanta. Ƙaramin sashe na 5 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Ƙaramin sashe na 12 kuwa ya ce ba a hukunta kowa sai laifin yana rubuce cikin doka, an bayyana shi, an kuma faɗi hukuncinsa. Ke nan ko tarar ƙaramar hukuma ce, dole ta kasance tana da rubutacciyar doka a bayanta, da adadin kuɗi sananne. Tarar da ake yanka wa mutum gwargwadon kyan motarsa ko tsadar rigarsa ba ta da gurbi a doka.

Kotunan Tarayya sun jaddada wannan. A 2014 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke cewa hukunta mutum da tara aikin kotu ne. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yi hukunci mai kama da haka game da jami'an VIO na Birnin Tarayya. Abin da mai mota zai riƙe shi ne takardar tana buɗe masa ƙofa biyu: ya amince ya biya magana ta ƙare, ko ya ce bai amince ba a kai shi gaban alƙali. Zaɓin nasa ne.

A wurin da abin ya faru

Shari'ar allo, a wurin ake cin ta ko a faɗi, cikin 'yan mintocin farko. Dalili kuwa shi ne allo abu ne mai sauyawa. Yau fasta ta rufe shi, jibi wani ya yage ta. Yau ya faɗi, mako mai zuwa an tayar da shi an yi masa sabon fenti. Wanda ya dawo bayan kwana 3 don ya ɗauki hoto, ya makara.

Direba ya yi magana da ladabi. Ya ce, "Yallaɓai, ina roƙo a nuna mini allon da na saɓa wa." Tambaya ce halattacciya, kuma jami'i mai sanin aikinsa ba zai ji haushinta ba. Kada ya zagi kowa, kada ya kama rigar jami'i, kada ya ja mota ya gudu. Hana jami'i aikinsa da kai masa hari laifuffuka ne masu zaman kansu, hukuncinsu kuma ya fi na ajiye mota nauyi nesa ba kusa ba. Ya karɓi takardar, domin karɓarta ba amsa laifi ba ne, ƙin karɓa kuwa ba ya soke ta.

Sa'an nan ya ɗauki hoto da wayarsa kafin ya motsa motar. Hoton da ya fi amfani ba na kusa da allon ba ne. Wanda ya fi amfani shi ne wanda aka ɗauka daga inda direba ke tahowa, daidai tsayin idon mai zaune a kujerar tuƙi, yana nuna abin da ake iya gani da wanda ba a iya gani. Bayan wannan sai na motar da lambarta a inda take tsaye, da wani gini ko kanti sananne a bayanta don a gane wurin, sa'an nan na allon kansa daga kusa. In babu allo sam, ya ɗauki titin gaba da baya mai ɗan nisa, don kada a ce yana can gaba kaɗan bai duba ba. In da dare ne, hoton ya nuna duhun yadda yake. Ya auna taku nawa ne tsakanin motar da allon. Ya kuma nemi shaida ɗaya ko biyu daga mazauna wurin, kamar mai faci ko mai shayi, waɗanda suka san tun yaushe allon ya lalace. Shaidar wanda kullum yake zaune a wurin ta fi ta fasinjan da ke cikin motar ƙarfi, gama shi ba ruwansa da direban.

Ya duba takardar da kyau: sunan hukuma, lambar takarda, kwanan wata da lokaci, wuri, lambar mota, laifin da aka rubuta, da sunan jami'i ko lambarsa. In an karɓi lasinsa ko takardun motarsa, ya tabbata an rubuta haka a jiki. In janwe ya ja motar, ya tambayi inda za a kai ta.

Kuɗi kuwa kada ya miƙa wa kowa a hannu. Tarar FRSC ta banki ake biyan ta, zuwa asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya wanda aka tilasta wa hukumominta amfani da shi tun 2015. Ta jiha da ta ƙaramar hukuma su ma sai da rasit na hukuma mai lamba. Dokar yaƙi da cin hanci ta shekarar 2000, wadda ta kafa ICPC, ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai karɓa, ta kuma tanadi irinsa ga mai bayarwa. Mutumin da yake da gaskiya a kan allo, in ya ba da na goro, ya sayar da gaskiyarsa ya sayi laifi.

Takardar koke

Matakin farko shi ne a rubuta wa shugaban ofishin da ya ba da takardar, ba tare da jinkiri ba, tun wa'adin biya bai cika ba. Shugabannin ofisoshi suna iya duba aikin na ƙasa da su, kuma ƙorafin da ya zo da hoto a fili sau da yawa ba ya bukatar zuwa kotu. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi sakataren ƙungiyar direbobi na tasharsu ko wani amintacce ya rubuta masa. Takardar ta zama gajeriya, babu zagi, babu dogon tarihi. Ga irin yadda za ta kasance:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. A ranar kaza da ƙarfe kaza an ba ni takarda mai lamba kaza a titin kaza cikin garin Azare, bisa zargin ajiye mota a wurin da aka hana. Ban amince da wannan zargi ba, domin allon da ke wurin rumfa ta rufe shi, ba a ganin sa daga inda mota ke tahowa. Ga hotuna guda 4 da na ɗauka a lokacin, ga kuma sunayen shaidu 2. Ina roƙo a soke takardar a mayar mini da lasina. In hakan ba zai yiwu ba, ina roƙo a gabatar da ni gaban kotu."

A yi ta kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, mai koke ya tafi da shi gida. Asalin takardar tara kada ta bar hannunsa, kwafinta zai haɗa. Wanda yake son ganin dokar da aka dogara da ita wajen hana ajiye mota a wannan titi yana iya nema a rubuce, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta ba da amsa.

In ofis ya yi shiru, ko aka yi ta kai-komo da mutum, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, Alhaji Yusuf Maitama Sule kuma ya zama shugabanta na farko. Tana da ofis a kowace jiha, har da Bauchi, aikinta kuma kyauta ne. Sai dai ba ta karɓar maganar da ke gaban kotu, ba ta kuma karɓar wadda ta wuce wata 12.

Gaban alƙali

Laifuffukan hanya akan kai su kotun majistare, wani lokaci kuma kotun tafi-da-gidanka da ke zama a bakin hanya. Ita ma wannan kotu ce sosai, majistare ne ke zaune, kuma haƙƙin wanda ake tuhuma bai ragu ba don an kafa teburin a gindin bishiya. Yana iya cewa bai aikata ba. Yana iya roƙon a ɗaga zama ya kawo shaidunsa ko lauyansa. Tsarin Mulki ya ce a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, in kuma ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Mutane da yawa sukan amsa laifi don kawai an karanta musu da Turanci sun ji kunyar cewa ba su gane ba. Babu abin kunya a nan.

Nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Shi zai nuna cewa akwai hani, akwai alamar da ta sanar da shi, kuma motar tana cikin yankin da hanin ya shafa. Wanda ake tuhuma yana da damar yi wa jami'in tambayoyi: ina allon yake, wane ɓangare ya fuskanta, taku nawa ne daga motar, yaushe ya duba shi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hoton da aka ɗauka da waya, amma kotu takan nemi bayanin wayar da tabbacin cewa tana aiki daidai a lokacin. Don haka kada a goge asalin hoton, kada a yi masa kwaskwarima, kada kuma a sayar da wayar kafin shari'a ta ƙare.

Alƙali ba ya neman allo ya zama sabo ƙal. Abin da yake aunawa shi ne ko direba mai hankali, mai duba hanyarsa, zai gane hanin. Allon da ya ɗan koɗe amma ana karanta shi ba zai ceci kowa ba. Haka ake aunawa a wasu ƙasashe ma. A 2015 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta saurari ƙarar wani mai mota da aka caje shi fam 85 don ya zarce sa'o'i 2 da aka ƙayyade a wani filin ajiye motoci na kamfani a garin Chelmsford. Ya faɗi, kuma cikin dalilan alƙalan har da cewa allunan wurin manya ne, suna da yawa, ana karanta su sarai. Wanda bai gamsu da hukuncin majistare ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, magatakardan kotu zai faɗa masa wa'adin yin haka.

Idan motar tana tsare

A nan ne lissafi yake da wuya, musamman ga ɗan haya. Direban da motarsa ke kwana a harabar hukuma, kullum yana asarar cinikin yini, ga mai motar yana jiran balas, ga kuɗin ajiya yana hawa. Dokar FRSC ta 2007 ta ce motar da ba a karɓa ba bayan sa'o'i 24 tana jawo kuɗin ajiya na kowace rana, wadda ta kai wata 6 kuwa hukumar tana iya roƙon Babbar Kotu ta mallaka mata ita. Ba hikima ba ce mutum ya yi fushi ya bar motarsa tana ruɓewa don yana da gaskiya.

Wanda ya ga ba zai iya jira ba, ya fara miƙa takardar kokensa a buga masa hatimi, ya rubuta a ciki cewa zai biya ne don ya karɓi motarsa, ba don ya amsa laifi ba. Sa'an nan ya biya a banki ya riƙe rasit. Ya sani dai cewa biya yakan raunana jayayya, kuma dawo da kuɗin da ya riga ya shiga asusun gwamnati abu ne mai ɗaukar lokaci. In yana da niyyar kai hukumar ƙara da kansa, ya ga lauya da wuri, domin Dokar Kare Ma'aikatan Gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da irin wannan ƙara. Marar hali yana iya neman shawara a ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 saboda waɗanda ba su iya ɗaukar lauya.

Gyaran allon

Soke takarda ɗaya ba ya tayar da allon da ya faɗi. Idan direbobi sun lura wuri guda ne ake yawan kama mutane, ya kamata reshen ƙungiyarsu na tashar ya rubuta takarda ɗaya da sunan kowa, ya haɗa da hotuna da lambobin takardun da aka bayar a wurin. In titin na Tarayya ne, kamar hanyar Kano zuwa Maiduguri, takardar ta tafi ofishin Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke Bauchi, a ba FRSC kwafi. In na jiha ne, Ma'aikatar Ayyuka ta Jiha. In na cikin gari ne ko na bakin kasuwa, sashen ayyuka na Ƙaramar Hukumar Katagum a Azare, ko na Zaki a garin Katagum, a kuma sanar da hakimi da sarkin kasuwa, domin su ne ke iya sa a matsar da rumfar da ta tare allo ba tare da tashin hankali ba. Motar da ta lalace a kan babbar hanya ta tare wa jama'a, ko allon gargaɗi da ya faɗi a kwana mai haɗari, ana iya sanar da FRSC nan take ta lambar waya 122, kiran kuma kyauta ne.